Yadda Ake Bin Diddigin Kuɗin Hukumomin Muhalli a Najeriya, Daga Kundin Kasafi Zuwa Filin Aiki

Duk lokacin da ambaliya ta rushe gidaje a damina, ko zaizayar ƙasa ta datse hanyar da ta haɗa ƙauye da kasuwa, ko aka wayi gari bola ta toshe babbar magudanar ruwa a tsakiyar birni, tambayar da ake ji a gidajen rediyo da majalisun unguwa guda ce: ina kuɗin da aka ce an ware? Da yawa daga cikin masu tambayar ba su san cewa babban ɓangare na amsar yana rubuce a takardun da doka ta wajabta wa gwamnati ta wallafa ba, abin da ba a wallafa ba kuma akwai dokar da ta ba kowa damar ya nema a ba shi. Wannan jagora an tsara ta ne domin ɗan jarida, da ƙungiyar ci gaban gari, da duk wanda yake so ya bi aikin muhalli guda ɗaya tun daga ranar da aka rubuta shi a kasafi har zuwa ranar da zai tsaya a kansa da ƙafarsa.

Kafin a fara, wajibi ne mai bibiya ya riƙe abu ɗaya a ransa. Kowane aikin gwamnati yana da adadi huɗu mabambanta: abin da majalisa ta amince da shi a kasafi, abin da baitulmali ya saki ga hukumar, abin da hukumar ta biya ɗan kwangila, da kuma ƙimar abin da aka yi a ƙasa. Kasafi tamkar jerin cefane ne da uwargida ta rubuta. Rubuta nama a takarda ba ya nufin maigida ya ba da kuɗinsa, ba da kuɗin kuma ba ya nufin naman ya shiga tukunya. Yawancin hayaniyar da ake yi a kafafen sada zumunta ta taso ne daga ɗaukar adadi na farko a matsayin na huɗu, shi ya sa jami'in gwamnati yake iya rushe zargin da jimla ɗaya, ya ce ai ba a saki kuɗin ba. Aikin mai bibiya shi ne ya jera waɗannan alƙaluma huɗu gefe da gefe a kan aiki guda.

Mataki na farko: gano hannun da kuɗin yake

A matakin tarayya akwai Ma'aikatar Muhalli, kuma a ƙarƙashinta akwai hukumomi da kowacce take da nata kasafin. Hukumar NESREA, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ce ke tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli a masana'antu da sauran wurare. Hukumar NOSDRA ta 2006 tana kula da malalar mai. Wadda ta fi shafar arewa kai tsaye ita ce NAGGW, da aka kafa da dokar 2015 domin aiwatar da shirin katangar itatuwa na yaƙi da kwararowar hamada a jihohi goma sha ɗaya: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Jihohi ma suna da ma'aikatun muhalli da hukumominsu, kamar REMASAB mai kwashe shara a Kano da KEPA mai kare muhalli a Kaduna.

Sai dai ba duk kuɗin muhalli ne ke bi ta waɗannan ƙofofi ba. Ana samun ayyukan magudanar ruwa da hana zaizayar ƙasa a kasafin hukumomin raya kogunan da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa, irin su ta Hadeja da Jama'are ko ta Sakkwato da Rima, ana kuma samun su cikin ayyukan mazaɓu da 'yan majalisa ke sakawa, wani lokaci a ƙarƙashin kwaleji ko cibiyar bincike da aikinta ba shi da alaƙa da magudana ko kaɗan. Akwai kuma shirye-shiryen bashin Bankin Duniya, kamar NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa da ya gabata, da ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, mai dala miliyan 700, da aka amince da shi a Disambar 2021 domin jihohin arewa goma sha tara da Abuja. Saboda haka tambayar farko ita ce wace hukuma ce ta ba da aikin, kuma daga wane asusu. Amsar sau da yawa tana kan allon da ɗan kwangila ya kafa a bakin aikin. Idan babu allo, a tambayi dagaci ko kansila ko ma'aikatan da ke wurin, a kuma rubuta rashin allon a matsayin abin lura na farko.

Mataki na biyu: fahimtar asusun kula da muhalli

Wannan asusu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne aka fi ambata kuma shi ne aka fi jahilta. An kafa shi a 1981 domin magance matsaloli irin su zaizayar ƙasa, ambaliya, fari da hamada, kuma ana cire kuɗinsa ne daga asusun tarayya duk wata a lokacin rabon arzikin ƙasa. A tsarin da ake amfani da shi, gwamnatin tarayya tana karɓar kashi 1 cikin 100, jihohi 36 suna raba kashi 0.72, ƙananan hukumomi 774 kuma suna raba kashi 0.60. Daga kason tarayya doka ta ba hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA kashi 20, ta ba NAGGW kashi 15, sannan akwai ofishin ayyukan muhalli da ke ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya wanda yake ba da kwangilolin da shugaban ƙasa ya amince da su.

Abin da wannan ke nufi ga mai bibiya abu biyu ne. Na farko, wanda ya duba kasafin shekara na NAGGW kaɗai bai ga dukkan kuɗin da ya shiga hannunta ba, domin kasonta na asusun muhalli hanya ce dabam. Na biyu, kowace jiha tana samun nata kason duk wata, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba, kuma ana iya ganin alƙaluman a rahoton rabon kuɗi na kwamitin FAAC da ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suke wallafawa. A tattara na wata goma sha biyu, a haɗa jimla, sannan a buɗe kasafin jihar a nemi abin da ta kashe a kan zaizaya da ambaliya da dashen itatuwa a wannan shekarar. Idan jimlar da ta shigo ta ninka wadda aka kashe, an samu tambaya mai tushe da za a iya yi wa kwamishinan kuɗi da na muhalli. A ra'ayina wannan lissafi mai sauƙi shi ne mafi amfani da ƙungiyar farar hula a jiha za ta iya yi, amma shi ne aka fi sakaci da shi, domin hankali ya fi karkata ga Abuja.

Tarihin asusun ya nuna dalilin sa masa ido. A watan Yunin 2018 wata kotu a Abuja ta samu tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye da laifin karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na kuɗin muhallin jiharsa, ta yanke masa shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, daga baya aka yi masa afuwa a 2022. Hukumar NEITI mai bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai ma ta binciki yadda ake kashe asusun a rahotanninta na kuɗaɗen da doka ta keɓe, kuma ta nuna yadda aka riƙa ɗibarsa ana yin abubuwan da ba na muhalli ba.

Mataki na uku: karanta kundin kasafi

Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana ɗora kundi biyu a shafinsa na intanet: daftarin da shugaban ƙasa ya gabatar wa majalisa kamar yadda sashe na 81 na kundin tsarin mulki ya tanada, da kuma dokar kasafin da aka sa wa hannu. A sauke duka biyun, domin bambancin da ke tsakaninsu shi ne aikin majalisa, kuma a nan ne ake ganin ayyukan da aka cusa da waɗanda aka zaftare wa kuɗi. Kundin yana da kauri ƙwarai, amma ba a buƙatar karanta shi duka. Lambar Ma'aikatar Muhalli da hukumominta tana farawa da 0535, kuma ana iya neman sunan gari ko ƙaramar hukuma ta hanyar binciken kalma a kwamfuta, wanda shi ne yake fito da ayyukan da aka ɓoye a wasu ma'aikatu.

Kasafin kowace hukuma ya kasu uku. Lambobin da suka fara da 21 na albashi da alawus ne, masu farawa da 22 na gudanar da ofis ne kamar tafiye-tafiye da man fetur da taruka, masu farawa da 23 kuma na manyan ayyuka ne. A cikin na ƙarshen akwai rukuni mai lamba 2304 da aka keɓe wa kare muhalli, inda ake samun dashen itatuwa, da shawo kan zaizaya da ambaliya, da kare namun daji, da hana gurɓata ruwa. Kwatanta waɗannan kaso uku yana nuna halin hukuma tun kafin a fita fili. Hukuma irin NESREA, wadda aikinta sa ido ne, ba laifi ba ne idan albashi ya cinye mafi yawan kasafinta, amma idan kuɗin gudanarwarta bai kai ya zuba wa motocin jami'ai mai su zagaya masana'antu ba, to ana biyan mutane ne su zauna a ofis. Hukumar da aikinta dashe da gine-gine ne kuwa, ana sa ran manyan ayyuka su rinjaya.

Bayan wannan sai jerin ayyukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa, da bayaninsa, da alamar ko sabo ne ko wanda ake ci gaba da shi, da adadin kuɗinsa. A nan ake zaɓar aikin da za a bi, kuma shawarata ita ce a zaɓi ɗaya ko biyu da ke kusa, waɗanda za a iya ziyarta ba tare da wahala ba. A kula da layin da ba a ambaci wurinsa ba, irin wanda aka rubuta dashen itatuwa a wasu zaɓaɓɓun wurare na arewa maso yamma, domin aikin da ba shi da adireshi ba mai iya cewa ba a yi shi ba. A kula da aikin da yake dawowa shekara bayan shekara da sunan sabo, da aiki ɗaya da ya bayyana a hukumomi biyu, da kuma yawan layukan wayar da kai da horarwa da tallafi, waɗanda ba sa barin wata alama a ƙasa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujjar sata ba ce. Alamu ne na inda ya kamata a matsa tambaya. A kwafi lambar aikin da bayaninsa harafi da harafi, domin da su za a yi amfani a duk matakan da ke gaba.

Ga jihohi, tun bayan shirin SFTAS na bayyana kuɗaɗen jihohi a fili da Bankin Duniya ya tallafa daga 2018, kusan kowace jiha tana ɗora kasafinta da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku da rahoton mai binciken kuɗi a shafinta, kuma tsarin lambobin iri ɗaya ne da na tarayya.

Mataki na huɗu: abin da aka saki da abin da aka biya

Misalin da ya fi nuna tazarar da ke tsakanin alkawari da sakin kuɗi shi ne na Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga sarrafa ma'adinin zinare tana kashe yara a ƙauyukan yankin, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce ba za a iya yi wa yaran Bagega magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajensu, in ba haka ba za su sake shaƙar gubar. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma kuɗin bai fito ba sai a farkon 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu matasa da suka fara gangamin Follow The Money. Duk watannin da ke tsakani kuɗin yana nan a takarda, yaran kuma suna wasa a cikin gubar.

Domin sanin abin da aka saki, a fara da rahoton aiwatar da kasafi da Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta ce a wallafa cikin kwana 30 bayan ƙarshen kowane wata uku. A aikace yakan makara, kuma yakan ba da jimlar ma'aikata ne, ba ta kowane aiki ba. Wanda ya fi shi amfani shi ne shafin Open Treasury da aka ƙaddamar a Disambar 2019, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa bayyana duk biyan da ya kai naira miliyan 5, da sunan wanda aka biya, da ranar, da dalilin biyan. Ƙungiyar BudgIT ta tattara waɗannan bayanai a shafinta na Govspend ta yadda neman suna ya fi sauƙi. A nemi sunan hukumar, sannan sunan garin, sannan sunan kamfanin idan an san shi.

Akwai abubuwa uku da ke ruɗa sabon mai bibiya a nan. Ana biyan kwangila ne kashi-kashi, don haka biya ɗaya ba shi ne kuɗin aikin duka ba. Ana cire haraji, ciki har da harajin kayayyaki na kashi 7.5, kafin kuɗi ya isa ga ɗan kwangila, shi ya sa adadin ba zai zo daidai da na takardar kwangila ba. Sannan a 'yan shekarun nan majalisa takan tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka na kasafi zuwa shekara ta gaba, ta yadda biyan da aka yi a bana zai iya zama na kasafin bara. Rashin ganin biya a shafin ma ba ya tabbatar da cewa ba a biya ba, domin akan samu ranakun da ba a ɗora komai ba.

Kada a manta da kuɗin shiga. Hukumomin muhalli suna karɓar kuɗin lasisi da tara da kuɗin kwashe shara. A tarayya, tun 2015 irin waɗannan kuɗaɗe asusun bai-ɗaya na gwamnati ya kamata su shiga, saboda haka duk jami'in da ya nemi a biya shi a hannu ko a asusun wani mutum ya kauce wa ƙa'ida, kuma rasit ɗin da ba shi da lambar biya ta hukuma abin ajiyewa ne a matsayin shaida.

Mataki na biyar: waye ɗan kwangilar, kuma ta yaya ya samu

Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007 ta ce asalin hanya ita ce gasa a bayyane: a tallata aikin a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a buɗe takardun masu nema a gaban jama'a, a kuma gayyaci masu sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula. Manyan kwangiloli sai sun samu takardar amincewa daga hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, wadda take da shafin NOCOPO na bayanan kwangiloli. Dokar ta haramta daddatsa aiki ɗaya zuwa ƙanana domin a kauce wa wannan tantancewa, don haka idan aka ga magudana ɗaya an raba ta gida shida, kowane gida kuɗinsa ya tsaya dab da iyakar abin da shugaban hukuma zai iya amincewa da shi shi kaɗai, abin tambaya ne. Da an samu sunan kamfani, a duba shi a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC a ga ranar rajistarsa da adireshinsa da masu shi. Kamfanin da aka yi wa rajista 'yan makonni kafin a ba shi aikin ɗaruruwan miliyoyi, ko kamfanoni uku da suka yi takara alhali daraktocinsu ɗaya ne, labari ne da kansa.

Mataki na shida: wasiƙar neman bayani

Abin da bai fito a intanet ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ce hanyarsa. Dokar ba ta buƙatar mai nema ya faɗi dalilinsa, ta yarda wanda bai iya rubutu ba ya nema ta hannun wani, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa, tare da damar ƙarin wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa. Kuɗin da za a caji mai nema bai wuce na kwafin takardu ba. An daɗe ana gardama kan ko dokar ta hau kan jihohi, amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa ta hau.

Nasarar wasiƙa tana ga taƙaitawarta. Wanda ya rubuta cewa yana son duk bayanan kuɗin hukuma na shekara biyar ya ba jami'i uzurin jan ƙafa. A rubuta wa shugaban hukumar, a ambaci dokar, a kawo lambar aikin da bayaninsa kamar yadda suke a kasafi, sannan a nemi takardu da sunayensu: tallan kwangilar, jerin kamfanonin da suka nema da farashin kowanne, takardar ba da aikin, jadawalin kayan aiki da adadinsu da farashinsu, takardun shaidar injiniya na kowane mataki, jerin biyan da aka yi da ranakunsu har da kuɗin kafin alƙalami, da takardar kammalawa idan an ce an gama. A cikin waɗannan duka jadawalin kayan aiki ne zuciya, domin shi ne yake faɗin tsawon magudana da faɗinta, ko yawan dashe da hekta nawa, kuma in babu shi ziyarar fili kallo ce kawai. A buga kwafi biyu, a kai ofishin karɓar wasiƙu, a tabbatar an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi, domin daga wannan rana ake ƙirga kwanakin.

Amsar da aka fi bayarwa idan ana son a ƙi ita ce bayanan na kasuwancin wani kamfani ne. Sashe na 15 na dokar ya amince da wannan kariya, amma shi kansa ya ce ba za a hana sakamakon gwajin muhalli ba, kuma dole a bayyana bayanin idan maslahar jama'a ta fuskar lafiya ko tsaro ko kare muhalli ta rinjayi asarar kamfanin. Yana da kyau a ambaci wannan tun a wasiƙar farko. Idan wa'adi ya cika ba amsa, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya kotu, inda za a iya cin tarar jami'i ko hukuma naira 500,000 idan an tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba. Sau da yawa wasiƙar tuni ɗauke da sa hannun lauya, da kwafi zuwa ofishin Antoni-Janar, takan wadatar kafin a kai ga kotu.

Mataki na bakwai: zuwa wurin aikin

Gani ya kori ji, amma a aikin muhalli lokacin ganin ma yana da muhimmanci, domin shaidarsa tana gushewa. Asibitin da ba a gina ba yana nan ba a gina ba har shekara goma, amma magudanar da aka ce an yashe a watan Mayu za ta sake cika da yashi da leda kafin Agusta, ko an yashe ta ko ba a yashe ba, kuma dashen da ba a yi ba ana iya cewa an yi shi fari ya kashe. Saboda haka aikin yashe magudana da kwashe shara ana duba shi ne a makon da ake yinsa, a ƙirga motocin da suka yi lodi, a bi su a ga inda suke juyewa.

Dashen itatuwa yana buƙatar ziyara biyu. Ta farko a tsakiyar damina lokacin dashe, ta biyu a watan Afrilu ko Mayu bayan dashen ya sha rani, domin ta biyun ce take faɗin gaskiya. A ziyarar farko a auna tazarar da ke tsakanin ramuka: idan mita 3 ce ta kowane ɓangare, hekta ɗaya tana ɗaukar kusan itace 1,100, idan mita 4 ce tana ɗaukar 625, kuma da wannan lissafi za a gane ko filin da aka nuna zai iya ɗaukar adadin da aka rubuta. Ba sai an ƙirga duka ba. A zaɓi layuka kaɗan daga gefe da tsakiya da can ƙarshen filin, domin layukan bakin hanya su ne ake kula da su saboda baƙi. A duba ko an cire baƙar ledar reno kafin a binne dashen, ko an kewaye filin da waya, ko rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana tana ba da ruwa, ko irin da aka dasa shi ne na jadawali, dogon yaro ne ko turare ko daƙwara ko dabino. A zauna da mai gadi da masu ban ruwa a tambaye su watan da aka biya su na ƙarshe. Filin da wayarsa ta faɗi, mai gadinsa yana bin bashin wata shida, awaki za su gama da shi kafin bazara, komai yawan kuɗin da aka kashe ranar bikin dashe.

A aikin siminti kuwa a tafi da igiyar awo, in da hali a tafi da injiniya ko gogaggen magini. A auna tsawo da faɗi da zurfi da kaurin bango, a kwatanta da jadawali, a kuma bi magudanar har ƙarshenta a ga inda take zubar da ruwa, domin magudanar da ta ƙare a tsakiyar unguwa ta kwashe ambaliyar wasu ne ta kai wa wasu. A ɗauki hotuna masu nuna kwanan wata da wuri, a gaida dagaci ko mai unguwa kafin a shiga, kada kuma a je wurin da ba shi da tsaro saboda hoto. Wanda ya ba da bayani ya nemi a sakaya sunansa, a sakaya.

Mataki na takwas: inda ake kai abin da aka samu

Kafin a wallafa komai, a rubuta wa hukumar a nuna mata alƙaluman huɗu, a ba ta wa'adi ta yi bayani. Wani lokaci bayanin gaskiya ne, kamar an saki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kuma aikin da ke ƙasa ya yi daidai da hakan, wanda ke nufin tambayar ta koma kan Ma'aikatar Kuɗi. A rubutu a tsaya kan abin da takarda da ido suka nuna, a ce an biya kaza an ga kaza, a bar wa masu bincike da kotu kalmar sata.

Rahoton shekara na Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, ko na jiha, yana da amfani wajen ganin ko an taɓa tuhumar hukumar da irin wannan, duk da cewa yakan fito bayan shekara biyu ko uku, kuma kwamitocin asusun jama'a na majalisa ne ke sauraron tuhume-tuhumen da ke cikinsa. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana da shirin bibiyar ayyukan mazaɓu da na zartarwa tun 2019, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. Ƙorafin saɓa ƙa'idar kwangila BPP ake kai wa. Ayyukan ACReSAL suna da kwamitocin karɓar koke a matakin al'umma da jiha, Bankin Duniya kuma yana wallafa rahoton ci gaban shirin da adadin kuɗin da aka ciro a shafinsa. Sashe na 51 na Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ya ba kowane mutum damar zuwa Babbar Kotun Tarayya domin a tilasta bin dokar ba tare da ya nuna abin ya shafe shi kai tsaye ba.

Duk takardar da aka aika ko aka karɓa a ajiye kwafinta a fayil ɗaya tare da hotuna da ranakunsu. Idan daftarin kasafin shekara mai zuwa ya fito, galibi a watanni uku na ƙarshen shekara, a sake neman lambar aikin da sunan garin a ciki. Idan ya dawo da alamar ana ci gaba da shi, a lura da adadin da aka ƙara masa. Idan ya dawo a matsayin sabo alhali an riga an biya kuɗinsa, a aika wa kwamitin muhalli na majalisar da fayil ɗin kafin ranar da shugaban hukumar zai bayyana gabansa domin kare kasafinsa.